Ranar da Baba Ya Zama Buhun Masara

Jiya da safe na danna sitata don in tayar da mashin ɗina, ya yi shiru. Na sake dannawa, ya tashi. Sai na kama dariya ni kaɗai, domin Baba makanike ne ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa.

A wani lokacin kaka ne mashin ɗina ya tsiro da sabon hali. A cikin gari yana tashi lafiya lau, amma a gonarmu ta hanyar Kakangi sai ya ƙi, kuma daji ne da ba mai son daɗewa a cikinsa. Na sauya batir, na sauya fulogi, duk a banza.

A rumfar Baba mai warin baƙin mai, mashin ya tashi sau biyar a jere.

"Ɗana, kar ka ce mini yana ƙin tashi," in ji shi. "Yaushe yake ƙi?"

"In zan dawo gida, Baba."

"Da kaya?"

"Buhun masara biyu."

Baba mutum ne mai jiki. Ya tattare riga, ya haye bayan mashin, ya zauna daram. "To, ga buhunanka. Danna!"

Na danna, shiru. Ya sauka, mashin ya tashi. Muka yi dariya har da hawaye. Ashe nauyi ne ke danne wata waya a ƙarƙashin kujera har mahaɗinta ya saki. Ya matse ta, ya kawar da ita gefe.

Ya Allah, wannan bawan naka ya mai da kansa buhu don in riƙa isa gida lafiya. Ka sauke masa duk wani nauyi, ka isar da shi Aljanna.