Rariyar da Aka Toshe Mana

Gidanmu na Tudun Wada shi ne na tsakiya cikin gidaje uku da ke jere a kan gangare. Tun kafin a haife ni, ruwan sama yakan taso daga gidan wani tsohon tela da ke sama da mu, ya shigo mana ta rariya, wato kafar nan da ake bari a gindin katanga. Sai ya ratsa tsakar gidanmu ta wata 'yar hanya da mahaifina ya jera wa duwatsu, ya fice ta rariya ta biyu zuwa gidan da ke ƙasa da mu, daga nan ya faɗa kwatar bakin titi. Babu takarda, babu shaidu. Iyayenmu sun ga inda ruwa ke son bi, suka ba shi hanya.

Bayan rasuwar mahaifina aka sayar da gidan ƙasan. Wani Alhaji mai shagon kayan gini ya saya, ya rushe shi, ya sa tifa ta yi ta juye jar ƙasa har filinsa ya ɗara namu da tsawon gwiwa. Ranar da na dawo daga makarantar da nake koyarwa na tarar an shafe rariyarmu da siminti sumul, sai na nufi filin Alhajin kai tsaye.

Na same shi yana duba magina. Na gaishe shi da ladabin da ban san ina da shi ba.

"Alhaji, hanyar ruwa ce fa aka toshe."

"Malam, ruwan gidanka ai naka ne," in ji shi, ko kallona bai yi ba.

"Ba nawa ba ne ni kaɗai. Har da na Baba tela da ke samanmu."

"To kai ma ka toshe nasa mana. Kowa ya ji da nasa."

Na dawo gida ina huci. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ɗakin Inna, mahaifiyata. Ginin ƙasa ne, mahaifina ya gina shi da hannunsa, kuma yana nan daf da rariyar da aka toshe, a lungun da ya fi ko'ina kwari. Na daɗe da gina mata na bulo, ta mayar da shi ma'ajiyar tukwane. Ta ce a wancan ta haife mu, daga can kuma za a fitar da ita.

Ruwan farko ya sauka, tsakar gida ta zama tafki. Ni da matata muka yi ta kwasa da bokiti muna kaiwa waje ta zaure, kamar masu aikin lada. Na je wurin mai unguwa har sawuna suka saba da ƙofarsa, kullum amsar ɗaya ce: a yi haƙuri, za a zauna. Na kira magini ya fitar mana da bututu ta gaba, ya auna ya ce ƙofar gidanmu ta fi tsakar gida tudu, ruwa kuma ba ya hawa sama don an ji haushinsa. Duk wannan lokacin gindin bangon Inna yana shan ruwa, yana yin baƙi. In na danna yatsa sai ya nutse.

Cikin watan Agusta haƙurina ya ƙare. Wata safiya na kwaɓa siminti, na samo rabin bulo, na toshe rariyar Baba tela. Na yi abin nan da na kwashe wata biyu ina tsine wa Alhaji a kansa, kuma ban ji kunya ba. Daɗi ma na ji.

Da la'asar hadari ya haɗo, aka tsuge. Na tsaya a bakin ɗakina ina kallon tsakar gida, ruwanmu kaɗai, bai ko rufe duwatsun ba. Can sai na fara jin ƙarar kwano yana kartar ƙasa daga bayan katanga. Matar Baba tela ce ke kwalfar ruwa, shi kuma yana tari yana ce mata ta zo su ɗora keken ɗinki a kan benci. Na yi kamar ban ji ba.

Inna ce ta fito cikin ruwan da taɓarya a hannu. Ta nufi katanga ta shiga dukan simintin da bai gama bushewa ba.

"Inna! Ɗakinki ne fa zai faɗi!"

"Na sani," in ji ta. "Ubanka ne ya ce wa bawan Allahn nan ruwansa ya bi ta nan. Ban ji ranar da ya janye maganarsa ba."

Bulon ya zame, ruwa ya kwararo jawur ya bi ta ƙafafunta, ya nufi ɗakinta kai tsaye. Na karɓi taɓaryar cike da haushi, ban ma san da wa nake fushin ba.

Kafin damina ta fita bangon ya tsage tun daga sama har ƙasa. Na sa aka sauke ɗakin da hannu kada ya faɗo mata a ka. Ita ta kwashe kayanta da kanta, ba ta bari kowa ya taɓa ba.

Maginin nan ya ba ni shawara, muka haƙa rami mai zurfi a gurbin ɗakin, muka cika shi da duwatsu da tsakuwa. Abin takaici, ya yi aiki. Yanzu ruwan gidaje biyu yakan taru a nan ya nutse kafin a kira magariba. Alhaji yakan ɗaga min hannu daga cikin mota, ni kuma har yau amsawar tana yi min nauyi.

Inna tana ɗakin bulo. In aka fara yayyafi takan leƙo ta tambaye ni ko rariyar Baba tela a buɗe take. In na ce eh, sai ta saki labule. Ban taɓa ganin ta kalli wajen ramin ba.