Idon Baba Ya Ƙare a Kallon Benci

Kada wanda ya ƙara ce min "ai wasa ne kawai." Wallahi duk wanda ya sake faɗin haka a shagon nan, da yadinsa a hannu zai fita, ba a ɗinka ba.

Mahaifina tela ne. Duk layinmu ba mai kiran sunansa, Tela kawai ake cewa. Ni ce babbar 'yarsa, ni ke yi masa guga da sa maɓalli tun ina makaranta, shi kuma Mai Baki yake kirana, ban kuwa taɓa musu ba. Shagon ɗaki ɗaya ne: keken ɗinki a bakin ƙofa saboda haske, teburin yanka, bencin masu jira, sai talabijin a saman kabad ɗin zare. Ranar da 'yan ƙwallon ƙasa za su buga, ko rigar ango ce a kan keke sai ta jira.

Baba bai taɓa buga ƙwallo ba, amma daga kan kujerarsa ya kori koci ya fi a ƙirga. Almakashi a hannu yake nuna talabijin: "Kai dalla cire wannan! Ba ka ga ƙafarsa ta mutu ba?" Maƙwabcinmu Mai Aski shi ke masa amshi. In an ci mu, sai su wuni suna yi wa hukumar ƙwallo tatas, kuma da gaskiyarsu. Mutanen nan yau su ɗauko koci da kiɗa, gobe su kore shi, jibi su dawo da wanda suka kora bara. In an yi nasara su cika hoto da tumbinsu, sai ka leƙa ta bayansu kafin ka ga ɗan wasa. In an sha kashi su kafa kwamiti. Sau nawa Baba yana rantsuwa ya daina kallo? Wasa na gaba shi ke fara goge gilashin talabijin da ƙyalle.

Sai Allah ya ba shi Auta, ƙanena. Siriri ne, ba kafaɗa, amma in ya ɗauki ƙwallo ta gefen fili sai dai a bi shi da ido. Tun yana ƙungiyar unguwa duk rigar da aka ba shi sai ta zubo masa kamar buhu. Baba ya karɓa, ya farke ta a kafaɗa, ya rage, ya mayar da ɗinkin yadda ba mai ganewa. "Ɗana ba zai shiga fili kamar an aro masa riga ba," in ji shi. Har Auta ya kai babbar ƙungiya bai daina kawo rigarsa gida ba. Burin Baba ɗaya ne, kowa a layin ya haddace shi: ya ga Auta a fili cikin rigar ƙasa.

Ni na fara gane idonsa na tafiya, ranar da ya miƙo min allura ya ce in zura masa zare, wai hannunsa da gumi. Da ƙyar muka kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama ana iya tare shi in an yi aiki da wuri, amma abin da ciwon ya ci ba ya dawowa. Mai yin aikin kuwa ba mazaunin garin ba ne, zuwa yake lokaci-lokaci. Aka ba mu rana.

A tsakanin nan aka kira Auta sansanin 'yan wasan ƙasa. Kocin lokacin Mai Cingam muke ce masa, don ba abin da ya iya a bakin fili sai tauna. Wasa bayan wasa ya shanya Auta a benci. Sai mai buga gefen ya ji rauni, Mai Cingam ya fito a rediyo ya faɗa da bakinsa cewa wasa mai zuwa da Auta za a fara. Shagon nan ya kaure da ihu, Mai Aski ya shigo da kumfa a hannu. Ni kaɗai ban yi murna ba, don ranar aikin Baba ta faɗo ana gobe wasan, kuma likita ya ce za a naɗe idon.

"Ba za ni ba," in ji Baba.

"Baba, idon nan ɗaya ya rage maka!"

"Shi ya sa."

Mai Aski ya ce, "Haba Tela, ai sai a ɗaukar maka a waya, in an kwance ka gani."

"In aka kwance ban ga komai ba fa? Gara in gan shi da wanda nake da shi a hannu. Aiki ba gudu zai yi ba."

Na ce, "Baba, maganar Mai Cingam za ka ɗauka? Mutumin da kai da kanka kake cewa bai san hagunsa da damansa ba?"

"Wannan karon ya yi hankali. A rediyo fa ya faɗa, Mai Baki, duniya na ji."

Umma ta yi kuka, na yi masifa har muryata ta dishe. Bai motsa ba. Ya kuma ce duk wanda ya gaya wa Auta ya ɗaga masa hankali, ba shi ba shi.

Ranar wasan muka sauko da talabijin kan teburin yanka, Baba ya jawo kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Aka jero waɗanda za su fara. Babu Auta. A gurbinsa wani ne da ko ƙungiyarsa ta daina sa shi, amma kowa ya san yaron wani babba ne a hukuma. Daga baya Auta ya ba mu labari: da safe shugaban hukuma ya zo masauki, suka kulle da koci a ɗaki, da aka fito magana ta canza. Shi ke nan fa. Ko kunya!

Baba bai kalli wasan ba, benci yake jira a nuna. Sau ɗaya aka hasko Auta, shi ma da 'yar sharar nan da 'yan benci ke ɗorawa a sama, ko rigar ba a gani. Bayan hutun rabin lokaci aka tashe shi ya motsa jiki. Baba ya miƙe tsaye. Mai Cingam ya waiga ya dubi rumfar manya, ya juyo, ya yi wa Auta alama da hannu ya koma ya zauna. Aka lallasa mu. Da 'yan jarida suka tambaye shi, ya ce dabarar wasa ce. Dabarar banza dabarar wofi! Ba a jima ba aka kore shi, aka kafa kwamiti.

Muka koma asibiti, mai aikin ya tafi. Kafin ya sake zagayowa, Baba ya koma gani kamar mai leƙe ta hudar mukulli, daga nan hudar ma ta toshe. Likitan ya haska, ya sake haskawa, ya ajiye fitilar. Ko faɗa bai yi mana ba.

Da Auta ya ji, ya zo ya durƙusa gaban keken yana kuka, ya ce ya bar ƙwallo. Baba ya laluba ya kama kunnensa. "Tashi ka koma. So kake idon nawa ya tafi a banza?"

Har yau ina jin haushin Baba, ba zan ɓoye ba. Amma shi laifinsa yarda. Su fa? Suna nan a kujerunsu, ba wanda ya san akwai wani tela.

Sabon koci ya zo, kuma da yake zuwan farko ne ba a fara juya shi ba, ya sa Auta a farawa. Kafin wasan aka nuno shugaban hukuma yana washe baki, wai su suka zaƙulo yaron nan, sun daɗe suna renonsa. Na wawuri dutsen guga, Mai Aski ya riƙe min hannu.

"Bar shi, Mai Baki," in ji Baba. "Zo nuna min inda yake."

Na kama yatsansa na ɗora a gilashin, daidai kan Auta. Auta ya ruga ta gefe, na ja yatsan na bi shi. Ya dawo, muka dawo. Shago ya cika maƙil.

Can Baba ya ce, "Rigar fa? Ta zauna masa a kafaɗa?"

Na duba. Ta zubo masa har damtse, iska na kaɗa ta.

"Ta yi masa yawa, Baba. Kamar buhu."

"Na sani. Ba wanda zai kula." Ɗaya hannun nasa ya bi teburin yana laluben almakashi, ya same shi, ya riƙe jim kaɗan, sannan ya turo min. "Ki ce ya kawo ta gida. Ke za ki farke. Ni zan taɓa in gaya miki wurin."