'Yar Tsibiri a Gonar Gwaggo

A wata damina, lokacin ina aikin malamin gona a Ajingi ina kwana a Gaya, aka haɗa ni da wata baƙuwa, masaniyar irin shuka, wadda ta zo daga wani tsibiri can gabashin duniya. Aikina shi ne in goya ta a babur in kai ta ƙauyuka, in yi mata tafinta. 'Yar gajeriya ce, ba ta rabo da wata faffaɗar malafa da ta saya a kasuwa, kuma duk inda ta ga tsohuwa sai ta ce in tsaya, ta tambaye ta irin da ta gada.

Da haka muka faɗa gidan gwaggona a Toranke. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, mijinta ya rasu, ita ke kula da gonarsa. Tana da wani gero da ta taho da shi daga gidan kakarmu, gajere, mai saurin nuna, wanda ko ruwa ya ɗauke da wuri sai an samu na tuwo. Baƙuwar ta zuba shi a tafin hannu ta daɗe tana kallo. Daga ranar Toranke ta zama wurin yininmu. Gwaggo ta laƙaba mata 'Yar Tsibiri, ita kuma da 'yar Hausar da ta tsinta ta riƙa ce mata Gwaggo kamar yadda nake faɗa.

Da rana tsaka mukan zauna a gindin tsamiyar da ke bakin gona, a dama fura. A nan baƙuwar take ba mu labarin garinsu: duwatsu masu tsawo da gajimare ke sauka a kansu, gonakin shayi a jikin tudu, da ruwa ta kowace fuska.

"Ruwan nan ya kai kogin Wudil?" in ji Gwaggo.

Na fassara. Ta ce a gaya wa Gwaggo, in ka tsaya a bakinsa ba ka hango ƙarshensa, sai dai inda ya haɗu da sama.

Ni ma a lokacin ban taɓa ganin teku ba. In gyangyaɗi ya fara ɗibana, iska tana kaɗa geron yana kwanciya yana tashi, sai in ga kamar tsamiyarmu ce tsibirin, mu uku a kai, muna tafiya a hankali ba mu san inda za mu tsaya ba. Har yau in na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwa, wannan zaman nake tunawa.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da takarda ta zo. Za a yi wani babban taron ƙasashe a kan iri da abinci, kuma an karɓi bayanin da ta rubuta a kan geron Gwaggo. Sai dai an ce ba za ta shiga zauren da fasfonta ba. In tana son kujera, sai ta rubuta cewa ita 'yar babbar ƙasar da ke maƙwabtaka da su ce, wadda ke cewa tsibirin nata ne.

Ta karanta mana a gindin tsamiya. Gwaggo ta ajiye ludayi.

"Tambaye ta, ɗan nan. Suna da shugaba?"

"Suna da shi, su suke zaɓensa."

"Suna da kuɗinsu? Da sojansu?"

"Duk suna da su."

"To me ya rage?"

Baƙuwar ta yi murmushi ta ce, "Saura a ce muna nan."

Na yi wa Gwaggo bayani iya sanina: cewa yawancin ƙasashe suna ciniki da tsibirin, suna sayen kayansa, amma in an zo wurin zama sai su kau da kai, don ba mai son ɓata wa babbar maƙwabciyar rai. Na ce gwamnatinmu ma a kan haka take.

"Har da mu?"

"Har da mu, Gwaggo."

"Ni dai ba a tambaye ni ba."

Washegari muka tarar ba ta gida. Ashe wurin dagaci ta tafi. Ta dawo da takarda a ƙulle a bakin mayafi, da hatimi da komai, mai shaida cewa wannan baiwar Allah 'yar Toranke ce, 'yar gidan wance, an san ta da kirki. Ta miƙa wa baƙuwar ta ce, "Ungo, 'yata. Ki nuna musu wannan."

Na karanta mata. Ta yi dariya har malafarta ta faɗi, daga nan kuma sai hawaye. Ta kama hannun Gwaggo ta ce in faɗa mata daidai, kada in rage komai: "In na shiga da wannan, na shiga a matsayin 'yarki, kuma ina alfahari. Amma uwar da ta haife ni tana tsaye a waje."

Gwaggo ta ce, "Gaskiyarki."

A ƙarshe ni aka tura in karanta bayanin a madadinta. Shi ne hawana jirgi na farko, kuma daga tagarsa na fara ganin teku, shuɗi, shiru, ba ko motsi. Kafin in tashi, shugabana a ofis ya ja ni gefe ya ce, "Malam, gero aka aike ka. Kada ka taɓa siyasa."

Zauren yana da sanyi, kowane teburi da 'yar tutarsa. A shafin farko na bayanin ta rubuta sunanta, a ƙarƙashinsa sunan ƙasarta. Tun a masauki na yi ta maimaita layin, na ce a raina zan faɗa, kalma biyu ce kawai. Da na miƙe, na ga fuskoki sun juyo, na tuna da aikina da iyalina. Na faɗi sunanta, na yi ɗan tari, na wuce zuwa ga gero. Aka tafa. Mutane suka yi ta tambaya a kan irin, har da masu neman a aika musu.

Na dawo an fara girbi. Baƙuwar ba ta tambaye ni komai ba sai, "Geron ya shiga?" Na ce ya shiga. Kwana biyu ina fama da abin a ƙirjina, rana ta uku na gaya mata a gaban Gwaggo, da Turanci sannan da Hausa, don kada in ɓoye wa ɗayarsu. Ta gyaɗa kai ta ce, "Malam, manya da suka fi ka albashi ma haka suke yi." Ba da zafi ta faɗa ba, shi ya sa ya fi yi mini ciwo.

Ba a jima ba aka umarci ofishin ƙasarsu ya tashi daga babban birni, aka rage ma'aikata, aka kira ta gida. Mota ta zo har Toranke ta ɗauke ta. Gwaggo ta tsaya a bakin hanya har ta daina hango ta, sannan ta shige gida ba ta ko dube ni ba. Na yi sallama sau biyu a makon nan, daga ɗaka take amsawa.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, saƙon Gwaggo ya iske ni a Gaya: in ba ni da wani taron, in zo in taya ta ɗaurin dami, hadari yana haɗuwa.