Kaskon Ɗana na Fari

Ku aje surutu, ku ba ni kunnuwanku. Abin ga da ni anka yi shi.

Ba a daɗe da yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ba, mutanen jami'a sunka sauka kufanmu na bayan Danwarai, inda munka zauna kafin mu koma bakin hanya. Wai suna bidar kayan mutanen farko, waɗanda sunka rayu tun ba a san ƙarfe ba. Mai gari yab ba su izini, bai tambayi mace ko guda ba.

Ina komowa daga ban ruwan albasa, sai nig ga sun ja zare, sun tona daidai bayan ɗakin aurena. Babbansu, wani malami mai tabarau, yana share wani kasko da ɗan buroshi, baki har kunne. Na gane kaskon. Ni da ungozoma munka kife shi bisa mabiyiyar ɗana na fari, wanda bai kai ranar suna ba. Kabarinshi ruwa ya shafe tuni. Wurin nan kaɗai ya rage mini.

Nic ce, "Malam, maida shi inda kag gan shi."

Yac ce, "Inna, wannan ai ya girmi kakanninki."

"Ya girmi wa? Kasuwar Jega uwata tas saye shi. Juya gindin, akwai zane uku da niy yi da ƙusa don kar ya ɓace gidan biki."

Yaj juya, yag gani, ko kunya. Sai yac ce ma ɗalibarshi, wata budurwa mai riƙe da littafi, "Rubuta. Abin jiya ma tarihi ne." Wai an riga an sa ma kaskon lamba, ba ya fita hannunsu.

Nic ce mata, "Ke ɗiyata, ina anka binne taki mabiyiyar? In je in tono in sa lamba?" Tad duƙar da kai, amma tar rubuta.

Nish shiga ramin niz zauna, nic ce sai dai su rubuta har da ni. Da la'asar mai gari yat turo ƙannen mijina sunka ciccibe ni kamar buhun albasa. Ina kallo anka sa kaskon cikin kwali, mota tat tashi. Da hannuna nim maida ƙasar.

Malamin, na ji ya zama farfesa. Ɗalibar ta komo bayan shekaru da sabulu da goro, babu kasko. Na ba ta ruwa bakin ƙofa, ban shimfiɗa mata tabarma ba. Mai gari ya rasu, na je gaisuwa, ban ce na yafe ba. Ni kuwa ga ni, ƙafa ta daina kai ni kufai.