Mijinyawa Mai Ɗaurin Goro, Wanda Takarda Ta Ce Bai Iya Komai Ba

Da an idar da sallar asuba Malam Mijinyawa zai shimfiɗa ganyen fita, wanda ake naɗe goro da shi, a rumfar Alhaji Ɗanbaba da ke Sabo, ya hau zaɓen goro. Kowace ƙwaya sai ta bi ta tafin hannunsa kafin ta shiga huhu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki a Ibadan, bana gwiwa ta ce ya isa.

A shekarar da aka fara yaƙin basasa, an tsayar da jirgin kaya a hanyar Kano don jiragen soja su wuce. Kwana goma sha tara goro na cikin tarago, rana na dukansa. Fatake suka sallama. Da aka kwance kaya a Kano, na mutane ya bushe, wani ya ruɓe. Huhu goma sha biyun da Mijinyawa ya ɗaure kuwa kamar jiya aka tsinko su. Direban da ya kawo labarin sai da ya rantse kafin a yarda.

To, wannan mutumin ne wani akawu mai ƙidayar ma'aikata ya zo watan jiya ya rubuta wa "lebura marar gwaninta". Ni aka miƙa wa takardar in fassara. Wallahi sai da na karanta sau biyu kafin na faɗa musu.

Alhaji Ɗanbaba ya miƙe tsaye. "Marar me? Ka zo har rumfata ka zage shi?"

"Alhaji, ba zagi ba ne," in ji akawun. "Gida biyu ne a takardar, na mai satifiket da na wanda ba shi da shi."

"Wa ya yi gidajen? Ba masu satifiket ɗin ba ne?"

Mijinyawa bai ɗaga murya ba. Ya ɗebo goro biyu ya miƙa wa akawun. "Ranka ya daɗe, zaɓi mai lafiya."

Akawun ya ɗauki jajir mai sheƙi. Aka ɓare, sai ga tsutsa ta cinye cikinsa. Ya yi ta kallon goron, ya ce, "Baba, yaya aka yi ka sani?" Muka zaci zai gyara. Sai ya ce ba shi da ikon taɓa takardar gwamnati, ya naɗe ta ya tafi. Har yau abin bai sake ni ba.

Malam Mijinyawa, kai ne ka ciyar da gidaje daga nan har Kano ba tare da sun san sunanka ba. Mun gode, Allah Ya ba ka lafiyar gwiwa.

Ku kuma samarin Sabo masu boko, yana nan da ransa, gidansa na bayan masallaci. Ku je ku durƙusa ku koya. In wata rana alƙalami ya zo hannunku, ku tambayi mutum abin da ya iya kafin ku rubuta.