Injin Kaka a Reshen Mangwaro

Har yau ban manta da ranar da muka rataye injin motar kakana a bishiyar mangwaro ba. Ku da kuka zo kuka tarar da garejin nan da rufin kwano da kayan aiki a jere, ku saurara.

Lokacin na gama koyon kanikanci ke nan a hannun Oga Bitrus, wani dattijo mutumin kudancin Kaduna. A bayan gidanmu na Tudun Wada akwai tsohuwar a-kori-kura da marigayi Kaka ya yi shekaru yana ɗauko doya da ita daga Kuta. Kowa tsatsa yake gani a jikinta. Ni kuwa in na shafa ta sai in ji kamar barci kawai take yi. Na share wurin, na kafa tebur, na buga ƙusoshin rataye sifana, na sa aka cika tayoyinta da iska, na ce na buɗe gareji.

Kawu Sule, ƙanen mahaifiyata, ya riga ya yi wa 'yan gwangwan alkawarinta. Da na dame shi da roƙo sai ya ce, "Hajara, in kika fitar da injin nan lafiya, na yarda gareji ne. In ya gagara, ko ya faɗo ya fashe, yau za a yanka ta." Har da mai gwangwan ɗin ya zo, suka zauna a benci suna kallo.

Ga wanda bai sani ba, kafin a gyara tsohon inji sai an kwance shi, an ɗaure da sarƙa, an ɗaga sama ya wuce bakin motar. A gareji ƙarfe ake kafawa a rataye sarƙar. Mu ba mu da shi, sai muka zaɓi reshe mafi kauri a mangwaron Inna mahaifiyata, ga shi ya cika da 'ya'ya sun nuna.

"Kai Hajara, ja!" in ji Oga, wanda ya zo taya ni aikin. Shi kowa "kai" ne a bakinsa.

Na ja. Injin ya ɗan tashi, zuciyata ta tashi tare da shi. Na ƙara ja, sai na ga ba injin ne ke hawa ba, reshen ne ke saukowa. Mangwaro ya fara zubo mana tim, tim, ɗaya ya sauka a hular Kawu. Inna ta fito da kwarya tana salati, maƙwabciyarmu Maman Ndagi, Banufiya mutuniyar Bida, ta tara zanenta tana cewa, "Injiniya, ƙara ja, na sama sun fi zaƙi!"

Dariya ta kama ni, sai reshen ya yi ƙara. Saura ɗan taƙi injin ya wuce bakin motar, amma ƙarin ja ɗaya zai karya reshen. Mai gwangwan ya miƙe yana gyara riga.

Na tsaya ina kallon reshen nan ya rusuna kamar mai gaida surukai. Sai na ji kaina ina cewa, "Oga, mu sa ita ma motar ta rusuna mana."

Oga ya dube ni, ya buga cinya. Muka sace iskar tayoyin gaba, motar ta durƙusa a hankali tana huci, injin ya rage yana lilo a sarari. Inna da Maman Ndagi suka ajiye mangwaro suka sa kafaɗa, har Kawu ya tattare babbar riga, muka tura ta baya da ƙyar. Muka sauke injin a kan tsohuwar taya, ko ƙwarzane babu.

Na yi ta tsalle da baƙin mai har goshi. Kawu ya juya wurin baƙonsa ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. 'Yar nan ta buɗe gareji."

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan ba kullum ƙarfi ke fitar da aiki ba. In abu ya ƙi hawa, ku dubi abin da zai iya sauka. Kuma in kun ga mutanen gida sun taru suna muku dariya, kada ku kore su, su ne za su tura muku mota.