Maganin da Na Raba Biyu

Shekarar da tarin fuka ya kama ni, jikana ya riga ya zama ma'aikaci a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Azare, inda aikinsa duba majinar mutane. Karatun shekara da shekaru, a ƙarshe majina. Shi ya duba tawa, ya ce wata takwas zan yi ina shan magani.

Wata biyun farko a gaban malamar asibiti nake haɗiya, tana leƙa bakina kamar mai sayen akuya. Daga baya suka fara ba ni na wata guda in tafi gida. Tari ya tsaya, har na koma dakan furata. Sai ƙawata ta zo daga Gamawa tana tari. A gidanmu ba a cin abu baƙo yana kallo. Na raba maganin biyu na ƙulle mata nata, da nawa ya ƙare ban koma ba.

Kafin kaka tari ya dawo, har da jini.

Jikan nan ya zauna a bakin tabarmata ya ce, "Amarya, so kike ki bar ni gwauro?"

Na ce, "Maganinku ne na banza, mai gidan majina."

Ya ce in saurara. Wai kowace ƙwayar cutar tana ɗauke da littafi a cikinta, da mai kwafe mata shafin da take bukata. Jan maganin da ya rina mini fitsari, hannun mai kwafar yake riƙewa. In ƙwayar ta ji wuya sai ta rufe yawancin shafukan, ta bar na zaman haƙuri, ta lafe kamar ta mutu. Ranar da aka daina magani ta buɗe na hayayyafa.

Na ce, "Wato abin da ido ba ya gani ma an sa shi makaranta, ni aka bari ina tallan fura?"

"Kuma ta fi ki haƙuri, Hajiya. In kika sake yankewa, za ta iya sauya rubutun yadda maganinmu ba zai kama ta ba. Ranar nan ba ni da abin ba ki."

Wannan bai faɗe shi da dariya ba.

Aka sake lissafi daga farko, aka ƙara mini allura kullum har wata biyu. Ni da na haifi tara a ɗaki ba wanda ya ji muryata, sai ga ni kowace safiya ina kwance zani gaban mai allurar, yarinyar da na je sunan uwarta. Na cinye wata takwas cur, ko rana ɗaya ban tsallake ba, aka duba majina aka ce ta fita fes. Ƙawata kuwa da aka gwada ta, tabar gari ce ke sa ta tari.